Libarbar Kaka Wali

Haladu yana tsugune a bakin rumfarsa ta gyaran kekuna, ya nutsa tub cikin kwanon ruwa yana jiran ya ga inda kumfa za ta taso, sai ya ji mutum tsaye a kansa yana haki. Ya ɗaga ido ya ga ƙanwarsa Safara'u ce, ƙafafu duk taɓo, goyon da ke bayanta ya karkace. Daga Achika take, kuma da ganinta ka san ba cin kasuwa ya kawo ta Wudil ba.

"Lafiya, Safara'u? Ko gaisuwa babu?"

"Gaisuwa ta jira, Yaya. Yaya Ƙasimu ya fito da bindigar Kaka Wali. Tun da sassafe ya kamo hanya, wai zai kai wa hukuma a buga mata hatimi."

Haladu ya saki tub ɗin cikin ruwa. Ya san da zancen hatimin. Mako biyu ke nan sankira yana zagaya kasuwa yana shela cewa duk mai bindiga, ta farauta ce ko ta gado, ya kawo ta ƙofar gidan hakimi yau Juma'a. Baturen 'yan sanda zai zo daga Kano a duba, a buga hatimi, a ba da lasin. Wanda kuwa aka samu da bindigar gwamnati a hannunsa, ya yi sallama da iyalinsa.

"Fatar tana jikinta?" ya tambaya. "Fatar da Baba ya ɗinke ta a ciki?"

"Wace fata? Tun jiya ya sa aska ya farke ta. Ya ce ba zai kai kayan Kaka gaban Bature cikin tsumma ba. Ni ya sa na jiƙa masa tsamiya, ya wuni yana dirzar ta da toka kamar tasar amarya. Yanzu har fuskarka kana gani a jikinta." Ta gyara goyonta. "Ni ban san komai ba, Yaya. Baba ne dai ya ce da ni kafin ya cika, duk ranar da bindigar nan ta bar gida in zo in gaya maka. To na gaya maka."

Safara'u ba ta san komai ba, gaskiyarta. Mutum biyu ne kaɗai a duniya suka san asalin wannan libarba, ɗaya kuma bara aka binne shi.

Libarbar ba ta taɓa ganin Kaka Wali ba. Ta Haladu ce. A ƙasar Bama, can ƙetaren teku, aka ba shi ita lokacin yaƙin Hitila, don shi ne mai ɗaukar bindiga mai jigida, masu wannan aiki kuwa akan rataya musu ƙaramar bindiga a ƙugu. Da yaƙi ya ƙare ya je ya ce ta faɗa kogi, aka rubuta, aka manta. Ya nutsa ta cikin garwar man girki da yake taya kuku ɗauka, ta haye teku da shi. Wauta ce ta ƙuruciya, ba wani abu ba. Abokansa sun komo da bargo da lambar yabo, shi kuwa ya so ya kawo wa ubansa abin da ba wanda ya taɓa kawo wa nasa uban, domin Malam Ɗantani maharbi ne, kuma a duniya ba abin da ke sa idonsa haske kamar bindiga.

Idon tsohon ya yi hasken, amma na ɗan lokaci. Ya juya ta a hannu, ya dubi ɗansa, ya ce, "Gidan yari ka kawo mini tsaraba, Haladu?" Harsasanta shida ya zuba su a kogi da hannunsa. Bindigar ce ya kasa. Maharbi ya jefa bindiga a ruwa? Sai ya samo jar fata ya ɗinke ta tun daga mariƙi har rabin baki, irin ɗinkin da yake yi wa layunsa, ya rataye ta cikin hayaƙin murhu har fatar ta yi baƙi ta tsattsage. Da damina ta rushe tsohon ɗakin Kaka Wali, sai ga Malam Ɗantani ya fito daga cikin ɓaraguzai da abu a hannu yana salati, wai ga bindigar ubansa da aka daɗe ana nema.

Labari kuma ya biyo baya. Wai kafin zuwan Turawa Kaka Wali ya raka ayarin fatake zuwa Agadas, ya ceci wani Balarabe daga hannun 'yan fashi, Balaraben ya zare libarbarsa ya ba shi. A shekarar farko 'yan fashin su uku ne. Kafin tsohon ya rasu sun kai goma sha biyu. Duk Achika ba wanda labarin nan ya shiga ransa kamar Ƙasimu, babban ɗa. Da aka haifa masa namiji, Wali ya raɗa masa.

Tsakanin Ƙasimu da Haladu kuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, ba a ga maciji. Haladu ya tsere ya shiga soja ba da sallama ba, ya bar wansa da gona da tsofaffi biyu shekara biyar. Ƙasimu ne ya yi jinyar uwarsu, shi ya sa ta a kabari, ɗan lelenta na can wata uwa duniya. Da sojan ya dawo kuwa sai uba ya riƙa jan sa ɗaki suna rufe ƙofa suna ƙus-ƙus, wanda ya riƙe gidan yana tsakar gida yana gyaran fartanya. Ƙasimu bai yafe ba, Haladu kuma bai taɓa neman gafara ba, don shi ma da nasa taurin kan. Ranar rabon gado Haladu ya ce a ba shi bindigar ya bar wa wansa gonar fadama. Da jin haka Ƙasimu ya ƙara rungume ta, ya ce ko gonakin Achika duka za a haɗa ba zai saki ba.

Haladu ya tashi ya goge hannu a wando. Ya ce da Safara'u ta shiga gida wurin matarsa Murja ta sha ruwa, ya ja kekensa ya hau.

Bai sha wuyar samun wansa ba. A bakin karar shanu ya hango shi, cikin rigarsa ta salla, ƙunshin sabon ƙyalle a hammata, dillalai da Fulani sun kewaye shi. Kafin Haladu ya jingine keke ya jiyo muryarsa: 'yan fashin yau sun kai ashirin.

"Salamu alaikum. Yaya, ina kwana? An zo lafiya?"

Ƙasimu ya dube shi sama da ƙasa, ya dubi keken, ya tofar da yawu gefe. Ya tsani keke. Dokin Nasara yake ce masa, kuma ya sha rantsuwa hannunsa ba zai taɓa shi ba.

"Lafiya," ya ce a taƙaice. "Soja ne da kansa?"

"Magana nake so mu yi, mu biyu."

"Faɗe ta nan. Ni ba na cikin masu shiga ɗaki su rufe ƙofa."

"Don Allah, Yaya. Don darajar Baba."

Da aka ambaci uban sai ya yi tsaki ya biyo shi. Suka gangara bakin kogi, inda ruwan damina ya cika ya yi ja yana tafe da karare da kumfa. A nan Haladu ya kwashe labari ya gaya masa, tun daga Bama har garwar mai, har hayaƙin murhu, har ɓaraguzan ɗakin Kaka. Bai yi wa kansa ado ba. Ya ƙare da cewa, "Ga kogi nan, Yaya. Jefa ta mu huta. In ka kai ta gaban mutanen can, ɗaure ka za su yi."

Ƙasimu ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi wata dariya marar daɗi.

"Bara gonar fadama ce. Bana kuma tatsuniya. Kai dai ba ka gajiya, ko? In jefa a ruwa, in juya baya, ka sa masunta su tsamo maka."

"Wallahi ba haka ba ne. Juya gindinta ka gani, akwai lamba. Fatar nan da ka farke, don lambar Baba ya ɗinka ta."

"Na ga rubutun. Hatimin Balaraben ne."

"Haba Yaya, ka yi allo fa. Wannan ya yi maka kama da baƙin Larabci?"

Ƙasimu ya ɗaga kafaɗa. "To sai me? Larabawan ma ai wurin Turawa suke sayen bindiga. Ka ɗauka kai kaɗai ka san duniya don ka shiga jirgin ruwa?"

"Haka ne. Amma lambar tana faɗin shekarar da aka ƙera ta."

"Ƙarfe yana faɗin shekara! Saniya ce da za a buɗe mata baki a ƙirga haƙora?"

"Kamar haka ne, Yaya. Daidai haka. Wanda ya san aikin, kallo ɗaya zai yi mata."

Fuskar Ƙasimu ta canja. Ya matso har Haladu yana jin warin goron bakinsa.

"Wato Baba maƙaryaci ne."

"Ban ce ba."

"Ka ce mana! Ka ce shekara bakwai yana kallon ƙwayar idona yana shirga mini ƙarya, kai kana gefe kana dariya a ciki. Ka ce na sa wa ɗana suna a kan ƙarya. Mutumin da ko kabarinsa bai gama kwantawa ba! Ka bar Inna ta mutu tana kiran sunanka, yanzu kuma ka zo ka tone Baba. Kai wane irin ɗa ne?"

Maganar Inna ta soki Haladu inda ba ya so. Bai san lokacin da ya kai hannu ya cafki ƙunshin ba, niyyarsa ya fizge ya wurga kogi a wuce wurin. Amma hannun da ya shekara talatin yana riƙe da garma ba ya saki da sauƙi. Ƙasimu ya riƙe da hagu, ya kai masa dama a baki. Haladu ya zame a taɓo ya zauna daɓas. Wasu Fulani biyu da ke shayar da shanu suka sheƙo suka shiga tsakani suna ba da haƙuri.

"Ɓarawo!" Ƙasimu yana huci. "Ku gan shi nan, ƙanena ne, gadon kakanmu yake so ya ƙwace da rana tsaka. Daga yau ba ni ba kai, Haladu. Ko gawata ka gani kada ka tsaya."

"To je ka!" Haladu ya daka masa tsawa, jini na bin haɓarsa. "Je ka kai musu! In sun sa maka ankwa ka ba su labarin Balarabe!"

Ƙasimu ya karkaɗe rigarsa ya haura ya tafi.

Haladu ya wanke baki da ruwan kogi, zuciyarsa na tafasa. Ya ce a ransa shi kam ya fita haƙƙinsa. Ya faɗa, an ƙi ji, har da duka. Littattafan da aka rubuta wanda aka ba kowace bindiga sun daɗe da ruɓewa a can ƙasar Bama, ba mai iya bin sawu har rumfarsa. Yana da 'yan mata biyu ƙanana, ga Murja da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. Wa zai ciyar da su in ya tafi? Ƙasimun da ya ce ko gawarsa kada a tsaya? Ya hau keke da niyyar komawa bakin aikinsa. Sai dai da ya zo mararraba, keken ya karkata wajen gidan hakimi, ya kuwa bar shi. Ya gaya wa kansa kallo kawai zai yi, kuma ba ƙarya ya yi ba: yana so ƙwarai ya ga ranar da bakin wansa zai mutu.

A ƙofar gidan hakimi an kafa tebur ƙarƙashin ceɗiya. Maharba sun yi layi da dogayen bindigoginsu na toka, wasu an ɗaɗɗaure su da waya, wasu da jijiya. Akawu yana rubuta suna, mai bindiga ya dangwala yatsa, sannan a miƙa wa wani dogon saje mai furfurar gashin baki, Saje Ya'u, ya duba ya kafa hatimi a kan katakon ya buga da guduma. Baturen yana gefe a kujera yana karanta takarda, bai ko ɗaga kai. Motar 'yan sanda tana tsaye a rana. Haladu ya kwantar da keke a gindin katanga ya shige cikin 'yan kallo. Kallo ɗaya ya yi wa tsayuwar sajen ya san tsohon soja ne.

Layi ya zo kan Ƙasimu.

"Suna?" in ji akawu.

"Ƙasimu ɗan Ɗantani, jikan Wali, daga Achika." Ya faɗa da ƙarfi don na baya su ji.

"Bindigar taka ce?"

"Tawa ce. Gado na ci."

Ya dangwala yatsa, sannan ya warware ƙyallen a hankali kamar mai buɗe lefe. Libarbar ta ɗauki rana ta yi wal. Maharba suka miƙo wuya, wani ya ce, "Tubarkalla!" Ƙasimu ya gyara tsayuwa.

Saje Ya'u ya ajiye gudumarsa. Ya ɗauki bindigar, ya buɗe ta ya leƙa ramukan harsashi, ya ɗaga bakin sama ya duba cikinsa, sannan ya juya gindin mariƙin.

"Wa ya goge ta haka?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Da tsamiya da toka."

"Madalla. Ka rage mini aiki. Ta wa ka ce?"

Ƙasimu ya soma: ayari, Agadas, Balarabe. Sajen ya bar shi har ya kai kan 'yan fashi, sannan ya ɗaga hannu.

"Kakan naka yaushe ya rasu?"

"Shekarar yunwar Kakalaba. An ce ina rarrafe."

Sajen ya jawo wani littafi mai baƙin bango, ya lashi yatsa, ya yi ta buɗawa. Ya dubi gindin bindiga, ya dubi shafi, ya bi layi da farce har ya tsaya. Ya je ya rusuna ya nuna wa Baturen. Baturen ya ninke takardarsa ya ajiye, ya miƙe zaune sosai.

"Malam Ƙasimu," in ji sajen da ya dawo, "ka ga wannan harafi na gaba, mai kama da gwafa? Ba a fara buga shi a jikin irin wannan bindiga ba sai a yaƙin Hitila. Lambar da ke biye da shi kuwa ta faɗa cikin shekara ta arba'in da uku. Kakanka ya kusa shekara talatin a kabari kafin a narka ƙarfen nan."

Can daga baya wani shaƙiyyi ya ce, "To ko ta lahira Balaraben ya aiko masa?" Dariya ta ɓarke, har da waɗanda ɗazu suke cewa tubarkalla. Abin da Haladu ya zo gani ke nan. Ya gani, bai kuwa ji daɗin komai ba. Ya ga ƙeyar wansa ta jiƙe da gumi, ya ga hannunsa yana lalube a gefen riga kamar mai neman abin dafawa.

"Kayan soja ne wannan," sajen ya ci gaba, muryarsa ta sauka. "Kayan gwamnati. Ka ce taka ce, ka dangwala yatsa a gaban jama'a. Yanzu gaya mini gaskiya, wa ya ba ka? In ka faɗi mutumin, kai ka tafi gida."

Ƙasimu ya juya ya dubi taron. Haladu ya tsaya cak yana jiran yatsa. Idon wansa ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ya zo kansa, ya ga kumburarren leɓen, ya gane shi sarai. Sai ya wuce, kamar ya ga kututture.

"Gado na ci," in ji Ƙasimu, murya a dishe. "Ubana ya ce ta ubansa ce. Ubana kuwa ba ya ƙarya."

"Malam, maganar nan ta gidan yari ce fa. Ba wata ɗaya ba, ba wata biyu ba."

"Na ji. Tawa ce."

Sajen ya girgiza kai ya yafito 'yan doka biyu. Ɗaya ya taho yana kwance ankwa daga ɗamararsa.

Tun da uwarsu ta haife su Haladu bai taɓa jin haushin wansa kamar a wannan lokaci ba. Da ya nuna shi da yatsa ya ce ga ɓarawon nan, da ya fi masa sauƙi, da ya tafi gidan yari da abin riƙewa a zuciya. Amma mutumin nan ya gwammace ya ruɓe a kurkuku da ya yarda ubansu ya yi masa ƙarya, ya gwammace ankwa da a ce Haladu ne ya fisshe shi. Hanya a buɗe take. Keke na nan gindin katanga, Murja na gida. Ya ja da baya taku ɗaya, har ya taka ƙafar wani. Sai ya ji ƙarar ƙarfen ankwa, ya tuna wanda ya nutsa bindiga cikin garwar mai. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Ya ture mutane ya fito fili.

"Ranka ya daɗe, a sake shi. Bindigar tawa ce."

"Ƙarya yake!" Ƙasimu ya yi kukan kura har sai da 'yan doka suka riƙe shi. "Ƙarya yake yi! Tun bara yake bin ta, ɗazu ma a bakin kogi ya nemi ƙwacewa, ga shaidu nan. Tawa ce! Kai, fita daga maganata, ba na son taimakonka!"

"Ba taimakonka nake ba," Haladu ya ce ba tare da ya dube shi ba. "Kayana nake karɓa."

Saje Ya'u ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya saba jin mutane suna rantse masa cewa bindigogin da aka gani a ɗakunansu ba nasu ba ne, yau ga biyu suna kokawar shiga kurkuku. Ya ɗauki libarbar ya rufe gindinta da tafin hannunsa.

"To, abu mai sauƙi. Mai bindiga ya san lambar bindigarsa. Malam Ƙasimu, jiya ka wuni kana goge ta. Faɗa mini abin da ke ƙarƙashin hannuna."

Ƙasimu ya buɗe baki. Ya dubi hannun sajen kamar zai huda shi da ido. "Akwai... akwai mai kama da gwafa," ya ce. "Ni na faɗa ɗazu," in ji sajen. "Sai me?" Iyakar abin da Ƙasimu ya riƙe ke nan. Bai san baƙin boko ko ɗaya ba, a wurinsa zane ne kawai irin na jikin ƙwarya.

Sajen ya juyo ga Haladu.

A soja, lambar bindigarka ita ce sunanka na biyu. Ana iya tare ka kana cin abinci ko kana wanki a ce faɗe ta, in ka yi gargada ka wuni kana gudu a rana da jaka cike da duwatsu. Shekara takwas da barin Haladu soja, amma har yau in yana buga iska a taya yakan ji bakinsa yana ƙirga ta shi kaɗai. Bai yi niyya ba, sai ya ji dugadugansa sun haɗu, hannayensa sun miƙe a gefe.

"Gwafa, uku, tara, ɗaya, sifiri, shida, biyu."

Sajen ya ɗaga tafinsa ya duba, ko da yake ba ya bukata. Ya nuna wa Baturen. Baturen ya gyaɗa kai ya faɗi wata gajeriyar magana, akawu ya ja layi a kan sunan Ƙasimu ya tambayi sabon suna. Ɗan dokan ya saki hannun babban ya kama na ƙaramin.

Da sajen ya zo duba ankwar, ya yi ƙasa da murya yadda ba mai ji sai su biyu. "Bama?"

"Bama, Saje. Kofur."

"Da ka yi shiru, Kofur."

"Na gwada."

Aka nufi mota da shi. Hanyar ta bi ta gaban Ƙasimu, wanda ke tsaye inda aka bar shi, sabon ƙyallen nan a hannunsa ba komai a ciki, tawada a babban yatsansa. Haladu ya rage tafiya. Bai san abin da yake jira ba, wataƙila kalma ɗaya, ko a kan Murja ce. Ƙasimu ya ɗago jajayen idanu ya dube shi.

"Ka ƙwace mini uba yana da rai," ya ce a hankali. "Yau ka ƙwace mini kaka yana kabari. Allah ya isa, Haladu."

Ɗan doka ya tura shi gaba. Aka ɗora shi bayan mota ya zauna a kan benci mai zafi, guduma ta ci gaba da bugawa ƙarƙashin ceɗiya, layin maharba ya matsa. Sai da aka gama da na ƙarshe, ana kiran sallar Juma'a, direba ya tayar da mota.

Suna juyawa Haladu ya hango wansa a gindin katanga. Kowa ya watse ya nufi masallaci, shi yana tsaye kan keken da ke kwance, ya daɗe yana hararar sa. Sannan ya naɗe ƙyallen ya cusa a aljihu, ya sunkuya ya ɗaga shi ta sirdi da ƙaho ɗaya, yadda ake ta da maraƙin da ya ƙi tashi. Ya soma tura shi, ba ta hanyar Achika ba, ta lungun da ke zuwa gidan Haladu. Keken yana karkacewa, feda tana dukan ƙwaurinsa a kowane taku, shi kuwa yana tafe yana zaginsa.